Etienne Ghys: Malamin lissafin da ya ce ƙwallon da Ahmed Musa ya ci Ajantina da ita ƙwayar sukari ce

Duk wanda ya zauna a gidan kallo ranar 25 ga Yunin 2014 ba zai manta ba. Messi ya ci a minti na 3, kafin a gama ihu Ahmed Musa ya farke a minti na 4. Messi ya ƙara dab da hutun rabin lokaci, aka dawo Musa ya sake farkewa. An tashi 3 da 2, Ajantina ce ta yi nasara, amma mu dai ƙwallaye biyun nan ne suka zauna mana a rai.

To a daidai lokacin da muke ta wannan ihu, akwai wani malamin lissafi a birnin Liyon na ƙasar Faransa da hankalinsa ba ya kan 'yan wasa, yana kan ita ƙwallon kanta. Sunan ƙwallon Brazuca, kamfanin Adidas ne ya yi ta. Malamin ya rubuta maƙala yana cewa idan ka duba yadda aka harhaɗa ta, tsarinta ɗaya ne da na ƙwayar sukari ko ɗan ludo, wato abu mai fuska shida. Da farko sai ka ce wasa yake yi. Ba wasa ba ne, kuma kafin ka gama karanta wannan rubutu kai ma za ka iya tabbatar da maganarsa da kanka.

Sunan mutumin Etienne Ghys. Yana cikin manyan masana jometiri, wato lissafin siffofi, na wannan zamani. Abin da ya sa ya fita daban shi ne bai yarda ilimin ya tsaya a tsakanin malamai 'yan uwansa ba. Ya kwashe shekaru yana neman hanyar da zai kai shi ga ɗan sakandare da mai shago da direba, ba tare da ya gurɓata shi ba.

Daga Roubaix zuwa Liyon

An haifi Ghys ranar 29 ga Disambar 1954 a Roubaix, wani gari a arewacin Faransa kusa da iyakar Beljiyam, wanda aka sani da masaƙu. Ya yi karatu a babbar makarantar horar da malamai da masu bincike ta Saint-Cloud, sannan ya samu digirin digirgir a Jami'ar Lille a 1979, a ƙarƙashin wani malami Gilbert Hector. Daga nan ya tafi Brazil, ya yi aiki a cibiyar lissafi ta IMPA da ke Rio de Janeiro.

Rayuwarsa ta aiki ya yi ta ne a CNRS, hukumar binciken kimiyya ta gwamnatin Faransa, wadda ke ɗaukar masana ta biya su albashi domin su yi bincike. Tun 1988 yake Liyon, inda ya taimaka wajen kafa sashen binciken lissafi na babbar makarantar ENS ta garin. A 1991 CNRS ta ba shi lambar azurfa. A 2004 ya zama cikakken ɗan Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa, wadda aka kafa tun 1666, kuma a 2019 ya zama ɗaya daga cikin sakatarorinta na dindindin.

Na kawo waɗannan ne don kada wani ya ɗauka mutumin ya koma yi wa jama'a bayani ne saboda bincike ya gagare shi. A'a. Taron masana lissafi na duniya sau ɗaya ake yin sa duk shekara huɗu, kamar gasar cin kofin duniya. An gayyace shi ya yi jawabi a na Kyoto a 1990. A na Madrid kuwa, a 2006, yana cikin 'yan kaɗan da aka ba su babban zaure su yi wa dukan taron magana.

Me yake bincike a kai?

Fanninsa ya haɗa abu biyu: siffa da motsi. Akwai abubuwan da suke canjawa da lokaci bisa wata doka, kamar taurari da ke kewaya rana, ko ruwa da ke gudu a kogi, ko iska a sararin sama. Maimakon ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya, mai irin wannan bincike yakan tambaya ne: idan na zana hanyar da abin ya bi, wace siffa za ta fito? Bafaranshe Henri Poincare, wanda ya rasu a 1912, shi ne ya buɗe wannan hanya, kuma Ghys a kan sawunsa yake.

Jawabinsa na Madrid a kan ƙulli ne. Eh, ƙulli irin na igiya. Idan ka ƙulla igiya sannan ka haɗe bakinta biyu, ƙullin ya zauna ke nan, ba ya kwancewa sai an yanka. Masana sun daɗe suna rarrabe irin waɗannan ƙulle-ƙulle. Abin da Ghys ya nuna shi ne, ƙulle-ƙullen da ke fitowa daga wani lissafin yanayin sama da Ba'amurke Edward Lorenz ya rubuta a 1963, su ne dai ƙulle-ƙullen da ke fitowa daga wani tsohon fanni da ya shafi lambobi zalla. Gida biyu da ba a san suna da dangantaka ba, ashe 'yan uwa ne. Kuma da hotuna masu motsi ya nuna wa taron, hotunan da ya yi tare da wani injiniya ɗan Beljiyam mai suna Jos Leys. Wannan haɗuwa tasu ce ta kai su ga yin fim, za mu zo kansa.

Ɗauko tsohuwar ƙwallo ka ƙirga

Yanzu mu koma kan ƙwallo, domin a nan ne za ka ga salon koyarwarsa. A 2023 ya fitar da littafi guda sukutum a kan tarihin ƙwallon ƙafa ta fuskar lissafi. Bari in bi irin hanyar da kalmomina.

Ka tuna ƙwallon nan mai baƙi da fari, wadda ta shahara tun gasar Meziko ta 1970 da sunan Telstar? Falle 32 gare ta. Guda 20 farare ne masu kusurwa shida, guda 12 baƙaƙe masu kusurwa biyar. Siffar ba sabuwa ba ce, Archimedes na Girka ya san ta fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Tambayar ita ce, me ya sa 12? Me ya hana a ɗinka ta da masu kusurwa shida zalla, a huta?

Ga amsar. Idan ka tsaya wuri ɗaya ka juya har ka dawo inda ka fara, ka yi digiri 360. Kowace kusurwa ta falle mai kusurwa shida digiri 120 ce. Idan uku suka haɗu a wuri ɗaya, 120 sau uku ya ba da 360 cif. Ma'ana wurin ya kwanta shimfiɗe, kamar saƙar zuma ko tayil ɗin tsakar gida. Ko shekara za ka yi kana ɗinka irin waɗannan, tabarma za ka samu, ba za ta taɓa dunƙulewa ba.

Amma kusurwar falle mai kusurwa biyar digiri 108 ce. A jikin ƙwallon, kowace mahaɗa tana da farare biyu da baƙi ɗaya: 120 da 120 da 108, jimla 348. Saura 12 a cika 360. Wannan ɗan giɓin shi ke sa fatar ta lanƙwaso idan aka ja ta aka ɗinke. Mahaɗa 60 ne a jikin ƙwallon. Ninka 60 da 12, ka samu 720.

Riƙe wannan lamba, mu gwada ƙwayar sukari. Tana da lungu takwas. A kowane lungu fuska uku ne suka haɗu, kowace da digiri 90, jimla 270. Giɓin 90 ke nan. Ninka 90 da takwas. Ka ga abin da ya fito? 720 dai.

Ba dace ba ne. Rene Descartes ya gano tun ƙarni na 17 cewa duk wani dunƙulallen abu mai fuskoki shimfiɗaɗɗu, wanda ba shi da rami ko loɓawa, idan ka tara giɓin lungunansa 720 za ka samu, ba ƙari ba ragi. To tunda masu kusurwa shida ba sa kawo giɓi ko kaɗan, nauyin duka yana kan masu kusurwa biyar. Kowane ɗaya yana kawo 12 sau biyar, wato 60. Raba 720 da 60, ka samu 12. Shi ke nan. Ba Adidas ne ya zaɓi 12 ba, lissafi ne ya tilasta masa. Don haka duk lokacin da ka ga an zana ƙwallo a jikin allo ko riga da masu kusurwa shida zalla, ka san mai zanen ya zana abin da ba mai iya ɗinka shi.

Akwai wani gwajin kuma, na Leonhard Euler a ƙarni na 18. Ƙirga mahaɗa, ka cire yawan layukan ɗinki, ka ƙara yawan falle. A tsohuwar ƙwallo: 60, a cire 90, a ƙara 32, saura 2. A ƙwayar sukari: 8, a cire 12, a ƙara 6, saura 2. Kullum 2. Wani abin mamaki, a 1985 masana sinadarai sun gano wani ƙwayar sinadarin gawayi mai zarra 60 da suka jeru daidai yadda mahaɗan ƙwallon nan suke, har aka ba su kyautar Nobel a 1996.

To ina maganar Brazuca?

Daga 2006 masu yin ƙwallo suka fara rage yawan falle. Ta Jamus a 2006 tana da 14. Jabulani ta Afirka ta Kudu a 2010 tana da takwas, ita ce wadda masu tsaron gida suka yi ta kuka da ita wai tana canja hanya a iska. Brazuca kuwa falle shida ne kacal, duk iri ɗaya, kuma da zafi aka manne su, ba ɗinki ba.

Ghys ya ce a ƙirga. Falle shida. Wuraren da falle uku suka haɗu, takwas. Layukan da suka raba falle da falle, 12. Kowane falle yana maƙwabtaka da huɗu. Shida, takwas, sha biyu: lissafin ƙwayar sukari ke nan daidai.

Me ya sa to take gangarawa, ba ta tsaya kamar akwati ba? Saboda gefen kowane falle ba miƙaƙƙe ba ne. An yanka shi ne da hannuwa huɗu masu lanƙwasa, kamar farfelar fanka, hannun wannan yana shiga hammatar wancan. A ƙwayar sukari, duk lanƙwasar ta taru ne a lungu takwas, shi ya sa suke da tsini. A Brazuca an baza ta a tsawon layukan haɗin, sai iska ta ƙarasa sauran aikin. Wannan shi ne abin da Musa ya zura wa Ajantina sau biyu.

Fim na kyauta

A 2008 Ghys da Jos Leys da wani matashin masani Aurelien Alvarez suka fitar da fim mai suna Dimensions. Babi tara ne, kusan awa biyu gaba ɗaya, duk hotunan kwamfuta. Sun sa shi a intanet kyauta, da izinin kowa ya sauke, ya kwafa, ya nuna a aji. An fassara shi zuwa harsuna da dama, ciki har da Ingilishi da Larabci.

Babin farko a kan taswira ne. Ɓare lemu ka yi ƙoƙarin shimfiɗa ɓawon a kan tebur, dole ya yage ko ya tattare. Haka duniya take: ba yadda za a yi a zana ta a takarda ba a yi wa wani wuri ƙarya ba. Shi ya sa a taswirar Mercator ta 1569, wadda irinta ke rataye a azuzuwa da yawa, tsibirin Greenland yake fitowa kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14.

Daga nan fim ɗin ya ja mai kallo zuwa inda kai ke juyawa. Mun san awo uku: tsawo, faɗi, da tsayi. Akwai na huɗu? Ido ba ya ganinsa, amma lissafi yana iya aiki da shi. Layi yana da baki biyu. Murabba'i yana da lungu huɗu. Ƙwayar sukari tana da takwas. Na gaba zai zama da 16, kuma ana iya ƙirga gefunansa da fuskokinsa ba tare da an taɓa riƙe shi a hannu ba.

Dabarar da suka yi ita ce, suka fara da wasu ƙadangaru da ke zaune a cikin shafin takarda, daga zanen wani mai zane ɗan Holan, Escher. Ƙadangaren da bai san sama da ƙasa ba, ta yaya zai gane tulu? Sai dai ta inuwarsa, ko ta yanka-yankansa idan yana ratsa takardar. Idan ka gane halin da ƙadangaren yake ciki, sai a ce maka to kai ma haka kake a gaban awo na huɗu, ga inuwarsa, kalla. A nan ne suka nuna aikin Ludwig Schlafli na Suwizalan, wanda ya gano a ƙarni na 19 cewa siffofi masu cikakken daidaito, waɗanda guda biyar ne a duniyarmu mai awo uku, a awo huɗu guda shida ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne babin ƙarshe. Bayan duk kyawawan hotunan, sai suka rufe da hujja, mataki bayan mataki, a kan wata magana da suka faɗa tun babin farko game da da'ira a jikin taswira. Kamar suna cewa ne: hoto ya nuna maka, amma gani ba ya isa, a lissafi sai an tabbatar. Nan ne bambancin mai koyarwa da mai burga.

Malam-buɗe-littafi da hasashen ruwan sama

A 2013 su ukun suka sake fitar da wani fim, Chaos, shi ma babi tara kuma kyauta. Wannan a kan abubuwan da ƙaramin bambanci a farkonsu ke zama babba a ƙarshe ne. Lorenz ɗin da muka ambata ya ci karo da abin ne da kwamfutarsa: ya sake shigar da wata lamba amma ya yanke mata wutsiya, ya sa 0.506 a maimakon 0.506127, sai hasashen yanayin da ya fito ya kauce gaba ɗaya. Daga baya maganar ta yaɗu da misalin malam-buɗe-littafi, wai kaɗa fiffikensa a Brazil zai iya jawo guguwa a Texas.

Mutane da yawa sun tsaya a nan, suka ce ashe ba abin da za a iya hasashe. Ghys ya dage cewa rabin labarin ke nan. Gaskiya ne ba mai iya faɗa maka ko za a yi ruwa ranar kaza a watan Agustan baɗi. Amma ana iya faɗin kusan yawan kwanakin ruwa a damina, domin rikicin kansa yana da siffa, yana da iyakar da ba ya tsallakewa. Manomi da ɗan kasuwa ba ranar suke buƙata ba, yanayin shekarar suke buƙata.

Ladan aikin, da abin da ya rage mana

Ban da fina-finai, ya shugabanci Images des mathematiques daga 2009, wani dandali na CNRS inda masu bincike ke rubuta wa jama'a bayani da sauƙin harshe. A can ne maƙalar Brazuca ta fito. Ya kuma yi rubutu a jaridar Le Monde. A taron duniya na Seoul a 2014, jawabinsa a kan intanet ne da yaɗa lissafi ga jama'a. A 2015 Cibiyar Clay ta Amurka ta ƙirƙiro lambar yabo ta yaɗa ilimin lissafi, shi ne na farko da aka ba. A 2021 ya rubuta littafi a kan ƙwayar dusar ƙanƙara da dalilin da ya sa take da hannuwa shida, tambayar da Johannes Kepler ya yi tun 1611.

Da yawa daga cikinmu mun fita sakandare da tsoron lissafi. An ba mu ƙa'idoji mun haddace, mun zubar a takardar jarrabawa, mun manta. Ba wanda ya ce mana digiri 360 ɗin nan da muke rubutawa shi ne dalilin da ya sa ƙwallon da muke bugawa da yamma take dunƙule. Yaro kuwa idan ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba mai kan lissafi ba ne, ƙofofi da yawa sun rufe masa tun bai kai bakinsu ba: injiniya, likitanci, kwamfuta, har aikin awon fili.

Kada a fahimce ni baibai. Kallon fim ba ya maye gurbin zama da biro da takarda, kuma Ghys kansa shekaru ya yi yana wannan zaman kafin ya iya sauƙaƙa wa wasu. Sai wanda ya san hanya sosai ne yake iya nuna ta a taƙaice. Abin da rayuwarsa ta nuna shi ne, a fara da abin da ke hannun yaro, a bar shi ya ƙirga da kansa, ya yi mamaki, sannan a kawo masa ƙa'idar a matsayin amsar tambayar da shi ya yi.

Don haka ga ɗan aiki. Idan akwai tsohuwar ƙwallo mai falle 32 a gidanku, ko ta fashe ba komai, ka ba ƙaninka ko ɗanka alli ya riƙa yi wa kowane falle alama yana ƙirgawa. Idan ya samu 12 masu kusurwa biyar, ka tambaye shi me ya sa ba 10 ba, me ya sa ba 15 ba. Kada ka yi saurin ba shi amsa. Bar shi ya kwana da ita.